Jan da Ba Ya Koɗewa

Da sunan Wanda ya halicci ƙarfe ya ba shi ƙarfi, ya halicci tsatsa ya ba ta haƙuri, sannan ya sa mai haƙurin ta cinye mai ƙarfin. Bayan haka, ya ku masu zama a bencin garejina kuna shan inuwa ba tare da kun kawo aiki ba, ku gyara zama ku ji abin da ya same ni, ni Korau ɗan Nomau, mai fenti, mutumin Tudun Jaura ta ƙasar Zarnuwa, a tafiyar da na yi neman jan da ba ya koɗewa.

Garejin nan da kuke gani zauren gidanmu ne aka fasa bangonsa aka sa masa ƙofar kwano. Wanda ya fasa shi Baba Jatau ne, aminin mahaifina, mutumin da ya riƙe ni tun ranar da aka kai mahaifin makwancinsa. Shi ya koya mini goge bonet da samfefa har ya yi santsi, da haɗa launi, da riƙon bindigar fenti, da yadda ake tattara tarkacen mota a yi musu walda su zama zakara ko zalɓe. Ba ya yabo, ba ya dariya, amma akwai darasin da ya dinga maimaita mini har na haddace: kafin ka fesa wa mota fenti, ka bi jikinta da maganaɗisu. Inda ya manne, ƙarfe ne. Inda ya faɗi, wani ya cusa fila, wato kwaɓin nan da ake toshe rami da shi, kuma sau tari abin da ke ƙarƙashin fila ruɓa ce.

Kun san ranar Zarnuwa, ba ta da abokin gaba kamar jan fenti. Ka fesa shi yau kamar jinin rago, kafin kaka ta zagayo ya koma ruwan goro. Abin nan ya tsaya wa Baba Jatau a rai, har wani bafatake ya ba shi labarin cewa can bayan Dutsen Makama, a bakin Tekun Gishiri, akwai birnin da ake samun jan da rana ba ta iya ci. Ya ɗaura kayansa ya tafi, ya bar mini gareji. Shekaru suka shuɗe babu shi babu saƙonsa. Ni kuma na ce wa mutane jan zan je nema, kuma gaskiya ne, sai dai rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin, kewar tsohon nake yi.

Na ɗauki guduma da filaya da gwangwanayen fenti, da bindigata, da zuga-zugin fatar akuya da nake hura mata iska da su, na kama hanya.

Fitina ta farko ta same ni a Dutsen Makama. Dutsen nan gaba ɗayansa maganaɗisu ne, hanya kuma ta gindinsa ta bi. Ban ankara ba sai na ji jakata ta yage, guduma ta yi sama, filaya ta bi ta, har ƙusoshin takalmina suka fice na tsaya da fata zalla. Gwangwanayen ne kawai suka tsira, don suna cike kuma na kwanta a kansu. A gindin dutsen akwai wasu mutane da ake kira 'Yan Tsince, ba su noma ba su kiwo, sai dai su kafa tsanin itace su ɓamɓaro abin da dutse ya ƙwace wa matafiya. Suka kewaye ni da kulake, suka fara dukana saboda wai abin da na kawo bai taka kara ya karya ba. Babbansu ya ga bindigata ba ta tashi ba, don ta sanholo ce, farin ƙarfen nan mara nauyi da maganaɗisu ba ya kamawa. Ya ce in ba shi. Na ce to, amma ya bari in nuna masa yadda take aiki, kada ta cuce shi. Na ɗura mata ragowar ja, na taka zuga-zugi, na feshe masa ƙirji. Ya duba ya ga ja yana gangara, ya ƙwalla ƙara ya zube, mutanensa suka tarwatse kowa ya yi ta kansa. Na tsinci ɓallin dutsen kamar ƙwan kaza na jefa a aljihu, na ja gwangwanayena na ranta a na kare.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Gaba da nan akwai wani fili da shahuna masu girman raƙumi ke shawagi a samansa, duk abin da ya yi ƙyalli sai su sure shi da mai shi. A gabana suka ɗauke wani bafatake saboda madubin da ya rataya wa jakinsa. Na ɓuya a wani kwazazzabo na bi gwangwanayena da bindiga da samfefa har suka dushe, na shafa musu laka, na shafa wa goshina ma, don Allah ya yi ni da goshi mai sheƙi. Haka na ratsa filin suna kewaya kaina suna tsaki.

Daga nan na iso Birnin Tsatsa. Tun daga nesa za ka ji iskar teku tana ɗauke da gishiri, kuma duk ƙarfen da ta taɓa sai ya fara zubar da jan gari. Ƙofofinsu da fata ake ɗaure su. Ruwan shansu ja, haƙoransu ja, idanunsu ja, halinsu kuwa ya fi duka. Abin alfaharinsu motocin da suka gada daga kakanni, kowane gida da garejinsa, ana lallaɓa mota kamar tsohuwa mai ciwon baya.

A ƙofar birni na ga wata igiya an jera mata wasu abubuwa busassu, na zaci kuɓewa ce ake shanya. Masu gadi suka shinshina ni, suka ji warin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, sai ɗaya ya tofa mini yawu a riga ya ce ga wani maƙaryacin ya zo. A wurinsu mai fenti da maƙaryaci duk ɗaya ne. Wai a zamanin da, wani mai fenti ya rufe ruɓar babbar motar gari da launi mai kyau, ta ɗebi 'yan biki, ta rabe biyu a tsakiyar gada. Tun daga ranar suka kafa doka: duk wanda ya yi wa mota fenti, za a ajiye ta a dandali ta sha damina guda. In fenti ya kumbura ko ya ɓare, a datse masa manuni, yatsan da yake jan bindiga da shi. Na sake duban igiyar nan, na gane ba kuɓewa ba ce.

Mai riƙe da wannan doka shi ne Barmo, Sarkin Almakashi, wani dogo mai rataye da almakashin yanka kwano a wuya. Yana cikin yi mini tambayoyi sai na hango Baba Jatau a cikin taro, ya tsufa, ya rame. Na kira shi da murna. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya daɗe yana kallona, sannan ya matso ya ce wa Barmo ya san ni, kuma duk faɗin duniya babu hannu irin nawa a fenti. Ya ce in ana neman wanda zai yi wa motar Uwar Gari mai mulkin birnin fenti, motar da kowa ya ƙi taɓawa, to ga shi Allah ya kawo.

Mutumin da bai taɓa ce mini sannu da aiki ba, yau ga shi yana yabona a gaban jama'a. Daɗi ya rufe mini ido, na amsa kafin in tambayi dalilin da ya sa kowa ya ƙi. Sai da ya ɗaga hannu zai nuna mini hanya na ga hannun damansa yatsu huɗu ne.

Aka kai ni gidansa, aka ce a garejinsa zan yi aiki, kuma ba ni fita daga birnin sai damina ta wuce. A can na fahimci yadda abin yake. Aikinsa na farko a birnin ya kumbura, aka datse shi, aka haramta masa fenti, ya koma gyaran jikin mota. Jan da ya zo nema kuwa ya same shi. Da tsatsar birnin kanta ake yin sa, a ƙona ta da gishirin teku, don abin da tsatsa ta riga ta gama ci rana ba ta da sauran abin ci a jikinsa. Na roƙe shi ya nuna mini yadda ake haɗawa, ya ce in gama aikin da ke gabana tukuna.

Motar Uwar Gari doguwa ce, tsohuwa, kuma shi ya gyara jikinta. Ta yi sumul, ido ba zai ga aibu ba. Na ciro ɓallin Dutsen Makama na ɗora a bonet, ya zame ya faɗi ƙasa. Na ɗora a mudugad, ya faɗi. Na bi ta gaba da baya ina yi wa kowane wuri alama da alli, har motar ta koma kamar zabuwa. Yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana kallona.

Na ce, "Baba, wannan ai fila ce a kan ruɓa."

Ya ce, "Kwanon kirki ya ƙare a birnin nan. Da me zan toshe?"

"To me ya sa ka ba da sunana?"

"Dole wani ya fesa ta. Kai ne ka zo."

Ya ƙara da cewa in Barmo ya san an ɓoye ruɓa, shi laifinsa na biyu ke nan, kuma na biyu ba yatsa ake cirewa ba, hannun ne gaba ɗaya daga wuyan hannu. Ya faɗi haka ba roƙo ba kunya, kamar mai ba da labarin farashin gero. Raina ya ɓaci ƙwarai. In na fesa, yatsana. In na yi magana, hannun mutumin da ya ciyar da ni.

Na kwana biyu ina zagaya motar, sai dabara ta zo mini. Na ɗauki kurfin huda ƙarfe da almakashin Baba Jatau na bi alamun allin nan ina yanke ruɓar, amma ba yankan banza ba. Kowane rami na fitar da shi da siffar tsuntsu: nan tsattsewa, nan zalɓe ya miƙe wuya, nan jerin 'yan tsaki. Inda ramin ya yi faɗi na buɗe gwangwanayena na ƙera fukafukai na like da walda. Fila da ruɓar da na cire kuwa na dinga turbuɗe su a bayan gida. Barmo yakan leƙo kullum ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da almakashinsa, ya tambaye ni wane iskanci ne wannan. Na ce adon manyan ƙasarmu ne, motar mai mulki ba ta tafiya babu tsuntsaye. Ya kai wa Uwar Gari labari, ta ce a bar ni, amma da sharaɗi guda: ƙofar da take shiga ta nan kada a huda ta ko da tsinin allura, don ba ta son iskar teku ta taɓa mata gwiwa.

Ƙofar nan tana jingine a ƙuryar gareji, ban kai gare ta ba. Baba Jatau ya ce in bar masa ita, zai sake duba ta da kansa. Ya shige da ita ɗaki ya yi kwanaki, sannan ya fito da ita. Na ɗora maganaɗisu, ya manne daram. Na zagaya da shi ko'ina, bai faɗi ba. Wallahi har ƙwalla ta taru mini, na ce a raina ashe tsohon nan da sauran kunya a idonsa, ya nemo kwano ya yi aikin gaskiya saboda ni. Na zage na yi wa ƙofar nan fentin da ban taɓa yin irinsa ba, shuɗi mai zurfi, kana ganin fuskarka a ciki.

Aka tura mota dandali, aka kewaye ta da igiya, aka sa masu gadi, ba mai taɓa ta sai bayan damina. Mutanen birni suka zo kallo, ba wanda ya yaba, sai dai na ga yara da tsofaffi suna komowa suna ƙirga tsuntsaye.

Washegari da sassafe na je dubawa. Raɓa ta sauka ta lulluɓe motar gaba ɗaya, don ƙarfe yana kwana da sanyi, raɓa kuma sanyi take bi. Amma a tsakiyar ƙofar Uwar Gari akwai wani wuri mai faɗin faifai da ya bushe ƙayau. Na tsaya ina kallonsa har rana ta ɗaga. Fila ce. Garin ƙarfe ya kwaɓa a cikinta don maganaɗisu ya kama. Shi ya koya mini gwajin, shi kaɗai ya san yadda zai ruɗe ni da shi.

Na koma gida na same shi yana shan kunu. Na gaya masa abin da na gani. Bai musa ba. Ya ce ƙofar ta ruɓe har ba ta ɗaukar walda, kuma da na sani da ban fesa ba, da magana ta fito. Ya ce damina ba ta ƙare ba, mai yiwuwa fentin ya riƙe. Daga ranar muka daina magana, muna ci a akushi ɗaya kowa na kallon bango.

Fentin bai riƙe ba. Ruwa ya yi ta zuba, tsuntsayena ko gezau, amma wurin nan ya fara ƙuraje, ya kumbura, ya tsage, jan ruwa ya gangaro a kan shuɗin. Ranar da aka ga haka har guɗa aka yi a birni.

Hukuncinsu yana da ƙa'idoji, kuma na bincike su sarai. Mai laifi shi ke zaɓen wanda zai datse shi. Mai datsewa kuma, bayan ya sa yatsa a bakin almakashi, sai ya tambaya, "Kana da magana?" In akwai, a saurara. In jini ya riga ya zuba, magana ta mutu, ko gaskiya ce ba mai jin ta. Sai na shirya dabarata. Na ce zan zaɓi Baba Jatau. In ya ga yatsan da shi ya koya wa jan bindiga a tsakanin ƙarafa biyu, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, zai faɗi gaskiya da bakinsa, wataƙila ma a sassauta masa don ya faɗa da kansa. In kuwa ya daure ya yi tambayar, sai in ce a kankare ƙofar a gani. Ta kowace hanya yatsana ya tsira. Har yabon kaina na yi, ni da na ruɗi 'Yan Tsince na ruɗi shahuna.

Aka cika dandali. Uwar Gari ta zauna a kujerarta, tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai lulluɓi har gwiwa. Barmo ya tambaye ni wa na zaɓa, na nuna Baba Jatau. Ya taso a hankali, ya karɓi almakashin da hannu biyu saboda na daman ba ya riƙo sosai. Na ɗora hannuna a kan kututture. Ya gyara mini yatsan da kansa, ya ware shi daga sauran, kamar yadda yakan gyara mini shi a kan bindiga ina yaro. Na ɗaga kai na dube shi, maganata tana bakina, ina jiran tambaya.

Bai tambaya ba. Ya datse.

Na ji Barmo yana cewa ba a yi tambaya ba, an karya ƙa'ida. Na ji kaina ina ihu ina cewa a kankare ƙofa, a kankare ƙofa. Uwar Gari ta leƙo ta dubi kututturen, ta ce, "Jini ya zuba." Ta miƙe, taro ya watse. Baba Jatau ya miƙa wa Barmo almakashinsa, ya goge hannu a riga, ya bi mutane.

Da na farfaɗo, a wajen birni na tsinci kaina, an ƙone mini bakin ciwon da wuta an naɗe da tsumma, jakata a gefe. A cikinta, ban da bindiga da zuga-zugi, akwai wata gora da aka toshe bakinta da kakin zuma. Na buɗe na leƙa. Ja ne, irin wanda ban taɓa gani ba, cike har wuya. Ban sani ba ko kyauta ce, ko diyya, ko kuwa ladan aiki ya biya ni. Abin da na sani shi ne na tsane shi a ranar, kuma har yanzu da nake muku maganar nan ban daina ba, duk da cewa in na ɗauki samfefa yadda ya koya mini nake riƙe ta.

Yadda na komo gida ba shi da daɗin faɗa. Na sake buɗe garejin nan, na koya wa yatsan tsakiya jan bindiga, ya yi gardama ya gaji ya bi. Na samu guntun sifirin na mota na ƙera wannan yatsan da kuke ta satar kallo tun ɗazu, mai gaɓoɓi da maɗaurin fata. Na tsoma shi a gorar nan sau ɗaya. Sauran jan na haƙa rami a bayan gareji na juye, attajiran garin nan suna roƙona da motocinsu a bakin ƙofa.

Iyakar hikayata ke nan, wanda ya ji ya riƙe, wanda ya yi gyangyaɗi ya tambayi maƙwabcinsa. Amma kafin ku tashi, ku matso ku duba da kyau. Gashina ya yi fari, ƙofar kwanon nan an canza ta, duk motar da na fesa a shekarar da na dawo ta koɗe ta koma kasuwar tarkace. Yatsan nan kullum yana cikin rana. Ku gaya mini in ya koɗe.